Kada A Tsaga Doki Sai An Ga Jininsa A Kwalba

Wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu leƙa barga. Dalili kuwa shi ne wani abu da ya faru a gabana da kaka, wanda na ga bai kamata in bar shi a cikina ba. A ƙasarmu ta Gummi da Anka da Bukkuyum har gobe akwai masu ɗaure doki, tun daga gidajen sarauta har talakawa masu sha'awa, ga kuma fatake masu saye su kai wata kasuwa. Kowa kuwa ya san doki ba da kuɗin goro ake sayensa ba.

Ran nan na tafi wani ƙauye kusa da Gummi duba rumbuna, muna tare da wani abokin aikina, ma'aikacin dabbobi. Sai ga yaro a guje, ya ce babansa na kira. Muka je muka tarad da mutane sun kewaye wani akawal a turke, ƙafarsa ta gaba ta kumbura tun daga kofato har gwiwa. Mai dokin, wani dattijo, ya ce da asuba aka kai shi bakin fadama kiwo, yaron ya ga ya zabura, ya kuma ga ɗan ƙaramin maciji ya sulale cikin ciyawa. An riga an kirawo wanzami, ga shi nan zaune yana wasa aska. Nufinsu a tsattsaga kumburin, a kafa ƙaho, a zuƙe dafin.

Abokina ya durƙusa ya duba. Wurin saran 'yan huji ne biyu, da ƙyar ake ganinsu, amma ga hantsi ya yi, har yanzu jini na tsattsafowa, tsararo kamar ruwan zoɓo. Ya ɗaga leɓen dokin, muka ga dasashi ma yana ɗan fid da jini. Ya ce, "Baba, don Allah a dakata da askar nan. A ba mu rabin sa'a."

Dattijo ya ce, "Malam, ai tun ba a haife ku ba muke tsaga."

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma in jinin dokin nan ya daina daskarewa, duk inda aska ta taɓa babu mai iya tsai da shi. Bari mu gani tukuna."

Kafin in faɗi abin da muka gani, bari in bayyana abin da ake nema.

Duk wanda ya taɓa tsayawa mahauta ya ga yadda jinin yanka ke zama guda a ƙasa. Wannan ba bushewa ba ce. Cikin jini akwai waɗansu sinadarai, galibinsu hanta ke yin su, suna yawo ba su aikin kome. Da an ji rauni sai su farka, wannan ya ta da wannan, har su saƙa wani zare siriri kamar saƙar gizo, ya kama ƙwayoyin jini ya toshe kafar. Gilashi yana ta da su kamar yadda rauni ke yi. Saboda haka in an zuba jini a kwalbar gilashi aka duba agogo, ana iya sanin ko sinadaran nan na nan, ko kuwa sun ƙare. Gwajin ke nan duka.

Dafin kububuwa, wadda waɗansu ke kira gobe da nisa, ba tsinka jini yake yi kai tsaye ba, yadda mutane ke zato. Ta da sinadaran nan yake yi gaba ɗaya tun suna cikin jijiya, su yi ta aikin banza har su ƙare, kamar magidancin da ya cinye hatsinsa tun da kaka, bazara ta zo rumbu wayam. Har wa yau dafin yana raunana bangon ƙananan jijiyoyi. Ga kafa ta samu, ga ba abin toshewa.

Yadda ake gwajin

Ana neman 'yar kwalbar gilashi, sabuwa, mai tsabta, busasshiya. Ma'aikacin dabbobi ya ɗebi jini da sabon sirinji daga jijiyar wuya, kamar mililita 2, watau bai kai rabin cokalin shayi ba. Ya cire allurar, ya zuba jinin a hankali ta gefen kwalbar, kada ya yi kumfa. A duba agogo a rubuta lokacin. A ajiye kwalbar tsaye a inuwa, inda ba mai taɓa ta. Ba a girgizawa, ba a ɗagawa a leƙa, domin motsi yana wargaza gudan tun bai yi ƙwari ba. Bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya. In jinin ya tsaya wuri guda kamar kindirmo, ya daskare. In ya gangaro, bai daskare ba.

Inda aka soka allurar kuma a danne da auduga a daɗe, minti 10 ko fiye, don in dokin na da wannan matsala wuyan ma sai ya kumbura da jini. Ɗibar jini daga wuyan doki ba aikin kowa ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada hannunsa.

To, nan ne na yi kuskure, kuma gara in faɗa don wani ya tsira daga irinsa. Ni aka aika neman kwalba. Na buɗe jakata na ɗauko waɗansu 'yan kwalabe biyu na roba da nake zuba samfurin iri, sababbi ƙal. Allah ya sa abokina yana da wata al'ada, ba ya gwada jinin dabba maras lafiya sai ya haɗa da na mai lafiya. Aka jawo goɗiyar maƙwabci, lafiyayya, aka ɗebi nata, aka ajiye kwalaben biyu gefe da gefe. Minti 20 suka cika, muka karkata. Na akawal ya gangaro. Muka karkata na goɗiya, shi ma ya gangaro! Wanzami ya yi murmushi ya ci gaba da wasa askarsa.

Abokina ya ƙwanƙwasa kwalbar da farce, ya dube ni. Roba ba ta ta da sinadaran nan da sauri, jinin mai lafiya ma sai ya daɗe a cikinta bai daskare ba. Haka kuma kwalbar gilashin da aka wanke da sabulu, ko wadda ta taɓa ɗaukar magani ko mai, duk suna iya yin ƙarya. Da ba don jinin goɗiyar nan ba, da mun gaskata abin da bai tabbata ba. Ya hau babur ya koma gari, ya zo da kwalaben gilashi na asibiti, irin waɗanda ba a sa kome a ciki ba, aka sake. A lura da wannan ma: cikin kwalaben asibiti akwai masu murfi shuɗi ko kore ko ruwan makuba, waɗannan da gangan aka sa musu maganin hana daskarewa, ba su yin wannan aiki.

Karo na biyu jinin goɗiya ya kama sarai, har aka kifa kwalbar bai zubo ba. Na akawal kuwa minti 20 ruwa, minti 30 ruwa, har sa'a guda ta cika yana nan ruwa. Dattijo ya karɓi kwalaben biyu da hannunsa, ya karkata wannan, ya karkata wannan. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya sallami wanzami da goronsa.

Jinin doki daban yake

Wannan gwaji na minti 20 don mutane aka tsara shi, kuma a ƙasarmu ya samo asali. A shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka yi ta duba mutanen da kububuwa ta sara, suka buga sakamakon aikinsu a 1977. Abin da suke nema shi ne hanyar da ɗan ƙaramin asibitin ƙauye, wanda ba shi da na'ura, zai gane wanda dafi ya shiga jininsa. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da shi, ana yinsa a asibitin saran maciji na Kaltungo cikin Jihar Gombe, ana yinsa a Indiya da sauran ƙasashe masu macizai. Asalin auna lokacin daskarewar jini cikin gilashi kuwa ya girme haka, waɗansu likitoci biyu na Amurka, Lee da White, su suka bayyana shi a 1913.

Amma doki ba mutum ba ne, kuma jininsa yana da halaye biyu masu ruɗin baƙo.

Na farko, nawa gare shi. Jinin tunkiya ko na kare kafin ka juya ya kama, na doki kuwa yakan wuce minti 10 yana lafiya lau, in da sanyin hunturu ma ya fi haka. Don haka a wurin doki ni ban yarda a yanke hukunci da kwalba ɗaya ba. A haɗa da jinin wani doki lafiyayye, kwalba iri ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. In a minti 20 duka biyu ba su kama ba, a ƙara musu minti 10. In na mai lafiya ya kama na maras lafiya bai kama ba, magana ta fito. In duka sun ƙi, laifin kwalba ne, a sake. Ƙuru da babban ingarma duk hanyarsu ɗaya, ƙanƙantar jiki ba ta sake lissafin.

Na biyu ya fi ruɗi. Jan ƙwayoyin jinin doki suna manne wa juna su nutse ƙasa da sauri, fiye da na saniya nesa ba kusa ba. Cikin 'yan mintoci za ka ga kwalbar ta rabu biyu, ja mai duhu a ƙasa, ruwa rawaya a sama. Wanda bai sani ba sai ya ce, "Ai ga shi ya daskare, har ya fid da ruwa." Alhali kwanciya ya yi, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙwarya. Wani kuma ya ga ruwan rawaya ya ce dokin shawara gare shi, nan kuwa ruwan jinin doki dama rawaya ne. Karkatawa kaɗai ke raba gardama. In ya daskare da gaske, har rawayan nan na sama zai kama, ya yi kamar kitsen kaza.

A manyan asibitocin dabbobi akwai hanyar da ta fi wannan sauri. A 1966 wani likitan Amurka, Paul Hattersley, ya fito da dabarar sa wata irin farar ƙasa mai laushi cikin kwalbar, a kuma ɗumama ta daidai zafin jiki, don jinin ya yi saurin kamawa. A 1975 aka gwada ta ga dawaki da ƙuraye a can Amurka, aka ga na lafiyayye yana kamawa tsakanin minti 2 da 3. Akwai kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike masu nuna ainihin wane sinadari ne ya gaza. Mu nan mafi kusa da mu shi ne asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, sa'an nan na Zariya, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Sai dai dokin da ke zub da jini a turke ba ya jiran Sakkwato.

Ba maciji kaɗai ba

Yanzu da kaka ta yi, an cika rumbuna, kowa na yaƙi da ɓera da gafiya. Da yawa daga magungunan ɓera da ake sayarwa kasuwa, ba dukansu ba, aikinsu shi ne hana jini daskarewa. Gauraye suke da hatsi don su jawo ɓera, doki da jaki kuwa ba su ƙin hatsi. Mugun abin shi ne ba a ganin kome ran da dabba ta ci. Sai bayan kwana uku zuwa biyar a ga haɓo, ko kumburi a jiki ba dalili, ko ɗingishi, ko dasashi ya yi fari, lokacin an manta da zancen maganin ɓera. A aikina na duba rumbuna na sha ganin an zuba shi a sakaina dab da buhun dusa.

Asalin wannan magani ma daga dabbobi aka gano shi. A shekarun 1920 shanu suka yi ta mutuwa a Kanada da arewacin Amurka, ana yanke musu ƙaho ko a yi musu fiɗiya, sai jini ya ƙi tsayawa. Aka gane wata ciyawa ce tasu da suke busarwa don rani, in ta yi fumfuna. A watan Fabrairu 1933 wani manomi, Ed Carlson, ya ɗauko matacciyar saniyarsa da ruɓaɓɓiyar ciyawar da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, ya kai Jami'ar Wisconsin, ya haɗu da wani masani, Karl Link. Shekara shida suka yi kafin su ware dafin, daga gare shi kuma aka yi maganin ɓera mai suna warfarin a 1948. Ka ga manomi da garwarsa, ai gwajinmu ne ya yi.

Wannan ciyawa ba ita muke ba dawaki ba a nan, kada a tsorata da kowace harawa. Amma harawar gyaɗa ko hatsin da ya yi fumfuna yana da tasa illar, hanta yake ci. Tun da hanta ke yin sinadaran daskarewa, dokin da hantarsa ta lalace jininsa ma yakan yi nawa. Haka kuma ciwon ciki mai tsanani, in ya kai ga hanji ya lalace, yana iya ƙarar da su kamar yadda dafin kububuwa ke yi. Akwai kuma wanda ake haihuwa da shi, a ga ɗan duƙushi namiji yana yawan kumburin gaɓoɓi, ƙaramin rauni ya ƙi tsayawa. Wannan ba shi da yawa, kuma ba shi da magani mai ɗorewa.

Kwalba ba ta faɗin wanne ne cikin waɗannan, sai a haɗa da labarin abin da ya faru. Bambancin kuwa yana da amfani, gama maganinsu ba ɗaya ba ne. Na maganin ɓera bitamin K1 ne, likita ke ba da shi, wani lokaci har makonni. A yi hattara da ɗan'uwansa K3, wanda ake samu a shagunan magungunan kaji, yana lalata ƙodar doki. Dafin maciji kuwa bitamin K ba ya yi masa kome, sai allurar kashe dafi. Ga wani abin mamaki: da yawa daga alluran nan daga jinin doki ake yin su. Cikin waɗanda aka yi musamman don macizan Nijeriya akwai wadda ake yi da dawaki a ƙasar Kosta Rika, akwai wadda ake yi da tumaki a Birtaniya.

Kada kuma a ɗauka in jini ya daskare a kwalba shi ke nan lafiya. Saran kasa da na kumurci galibi nama suke ɓatawa, jinin ya kama amma ƙafa ta ruɓe. Na kububuwa ma in an gwada da wuri ƙwarai jinin na iya kamawa, don dafi bai gama aiki ba, sai a sake bayan 'yan sa'o'i. Kuma ko jini na kamawa, tsaga da ƙaho ba su fid da dafi, ƙofa kawai suke buɗe wa ƙwayoyin cuta, doki kuwa yana cikin dabbobin da ciwon tetanas ya fi kamawa. In saran a baki ne ko hanci, wannan gaggawa ce ta dabam, domin doki ta hanci kaɗai yake numfashi, kumburi na iya toshe shi.

Inda na fi so a riƙa tunawa da kwalbar nan shi ne kafin a sa wa doki ƙarfe da gangan, ko fiɗiya, ko sakiya, ko yanke wani ƙari. In doki ya taɓa yin haɓo ba dalili, ko an yi masa allura wurin ya daɗe yana ɗiga, ko an san an zuba maganin ɓera a gidan, rabin sa'a ba ta da yawa. Doki mai nauyin kilo 300 yana da jini wajen lita 24, saboda haka ɗan abin da ya ɓata ƙasa ba abin firgita ba ne. Bayan fiɗiya, in jini na ɗiga ɗis-ɗis har kana iya ƙidayawa, yakan tsaya da kansa. In yana zuba kamar zare har kwata na sa'a, a nemo likita. A riƙa ɗaga leɓe ana duba dasashi, a kuma ji bugun zuciya: lafiyayyen doki a tsaye tsakanin 28 da 44 yake bugawa a minti, in yana ta hawa dasashi na fari, jini na tafiya ko da ba a ganinsa waje.

Fatake ma abin ya shafe ku. Dokin da za ka saya ka ga kumburi mai laushi a wuya ko ƙirji, ko busasshen jini a hanci, kada ka yarda da "ai bugewa ya yi" kurum.

Wata magana kuma wadda ta fi ta doki nauyi. Fadamar da kububuwa ta sari akawal, nan yaron ke shiga ba takalmi. In mutum aka sara, ba a tsayawa neman kwalba a gida, ba tsaga, ba ɗaure ƙafa da igiya. A kwantad da shi, a hana ƙafar motsi, a kai shi asibiti, can za su yi gwajin su ba shi allura. In allurar ta isa, jini yakan koma daskarewa cikin sa'a shida.

Akawal dai bai sami allurar kashe dafi ba. Tana da tsada, doki kuma ba kwalba ɗaya zai sha ba, dattijo ya lissafa ya ce ba shi da hali. Abokina ya yi waya da likitan dabbobi, aka bi abin da ya ce. Aka shimfiɗa yashi mai laushi a turken, aka kawar da duk abin da zai iya ƙuje shi, aka hana hawa da ja, aka daina ba shi kara mai tsini sai ɗanyar ciyawa da jiƙaƙƙiyar dusa, don kada dasashi ya tsage. Bayan kowane kwana biyu abokina ya je da kwalabe biyu, goɗiyar maƙwabci kuwa ta gaji da mu, har in ta hango babur sai ta juya baya. Ran kwana biyu ruwa, ran kwana huɗu ruwa. Ran kwana shida aka sami ɗan guda mai taushi wanda ya narke da aka karkata. Sai ran kwana takwas ya kama sosai. Girman jiki ya taimake shi, da ɗan duƙushi ne ko ɗan jaki ban ce haka za ta kasance ba.

Fata ta saɓule a wurin saran, aka yi ta wankewa wajen wata guda, ya warke da tabo kamar tafin hannun yaro. Da na koma ƙauyen auna hatsi na tarad da dattijo ya sa an yi wa yaron takalmin roba mai tsawo, ya kuma ajiye kwalaben gilashi huɗu a cikin gwangwani, naɗe da tsumma, a saman azarar zaure.